Rahama da Taubashinta Tambari

Duk wanda ya san Kasuwar Daji ya san dariyar yayata Rahama mai daddawa. In ta saki baki, har masu awon gero sai sun waiwayo. Haihuwa takwas ta yi a Sakajiki, kuma ba ta taɓa yarda ta huta ba. Ana gama suna za ta ɗauki taɓarya, ta aza tulu a ka. In na yi magana ta ce ni raguwa ce, wai jego ba ciwo ba ne.

Bayan haihuwar ƙarshe sai dariyar ta ɗauke ƙaf, fuska tamau. Wasu suka ce kasuwa ce ta buɗe mata, girman kai ya shigo. Wasu suka ce wa'azi ne ya ratsa ta.

Wanda abin ya fi ci wa rai shi ne Tambari ɗan kawunmu, taubashinta, mai kabu-kabu. Tun suna yara suke tsiya. Ya saba ya tsayar da babur ya toshe hanci, ya ce warin daddawarta ya kori ƙudajen kasuwa, ita kuma ta rama da cewa babur ɗinsa ya girmi kakansa. Yanzu da ya buɗe baki sai ta tashi ta shige bayan rumfa. Taubashi kuwa, ka ƙi amsa wasansa ka zage shi ke nan. Ya daina biyowa, har Sallah ta wuce bai taka gidanta ba. Zumunci na neman tsinkewa ba faɗa ba komai.

Na ritsa ta a ɗaki. Da ƙyar ta faɗa mini cewa in ta yi dariya, ko tari, ko ta ɗaga kaya, fitsari ke kuɓuce mata, ga nauyi a ƙasan mara kamar wani abu zai faɗo. Tambari kuwa ba ya magana ba ta yi dariya ba. Na ji tausayinta, haushinta kuma ya kama ni. Na tasa ta gaba har asibiti a Ƙaura. Nas ta ce naman da ke riƙe da mara ne ya saki saboda haihuwa da ɗaukar kaya. Ta koya mata yadda za ta riƙa matse wurin kullum, ta hana ta tulu, ta ce in bai yi sauƙi ba sai an yi mata tiyata.

Wannan ba maganar da za a yi da namiji ba ce, don haka na raɗa wa matar Tambari.

Ran kasuwa sai ga Tambari. Ya kashe babur, ya rusuna, ya gaishe ta da jiki, kansa a ƙasa kamar wanda ya je gidan surukai. Idon Rahama ya cika da hawaye.

Ta ce, "Tambari, in ladabi ka zo yi mini, koma inda ka fito. Tsokane ni kawai, na zo da zane biyu."