Kwarashin Madobiya

Yayata tana saƙa hulunan jarirai a Malumfashi, kuma ba ta riƙe kwarashin ƙarfe, wai sanyinsa yana shiga mata gaɓoɓi. Nata na icen madobiya ne, ja mai duhu, wanda wani tsohon masassaƙi a Ƙarfi yake fere mata. Tsohon yana da ƙa'ida wadda ko mu malaman makaranta ba mu kai shi tsauri ba: ba ya taɓa katakon kasuwa. Sai reshen da ya bushe a jikin bishiyarsa, don shi ne ƙugiyarsa ba ta tsagewa.

Madobiyar kusa kuwa masu manyan motoci sun yanke ta tuni. Wadda ta rage tana can cikin dajin da ko makiyaya sun daina shiga, saboda masu bindiga.

Da kwarashinta ya karye, ta aika masa ya fere mata wani. Washegari ta ji abin da ake faɗa game da dajin, ta ce in hau babur in ce masa ya bari.

Matarsa na tarar a bakin zaure.

"Inna, Baba yana ciki?"

"Ya fita tun da hantsi, Malam, da gatarinsa. Na ce ga ƙirya nan a bayan gida. Ya ce ƙirya ai sai turmi."

Na zauna a kan kututturensa. Aka kira la'asar, ta leƙo ta dubi hanyar yamma, ta koma ciki.