Ƙullin Garin da Na Juye a Shayin Abokina

Shekarun baya, lokacin ina saurayi ina ganin duk Magariya babu wanda ya kai ni wayo, na yi wa abokina wani alheri da har yau ban gama nadamarsa ba. Yanzu da nake ganin samari a bakin filin ƙwallo suna kaɗa wani gari a gorar ruwa kafin su fara gudu, sai na ga gara in faɗa, ko da zai rage mini daraja a idonku.

Abokin nan nawa ɗan Kwaya ne. Mahaifinsa ya kawo shi gidanmu don ya yi lakwal, wato makarantar boko, a gari, kamar yadda ake yi wa 'ya'yan ƙauye, aka haɗa mu ɗaki ɗaya. Kowace kaka tsohon zai iso da amalanken jakinsa, buhun hatsi da na gyaɗa a kai, ya zauna a zaurenmu yana yi wa mahaifina godiya har kunya ta kama kowa. Buri ɗaya gare shi a duniya, ya ga ɗansa cikin kaki. Ya sha faɗa cewa a danginsu kaf ba a taɓa yin ma'aikacin gwamnati ba.

Shekarar da aka ce za a ɗauki jandarmomi, ni da shi muka kai takardunmu. Ni ina da sauran shekaru a gaba, ko na faɗi zan sake. Shi kuwa a makare aka sa shi lakwal, wannan ce shekararsa ta ƙarshe, in ta wuce shekarunsa sun zarce abin da ake ɗauka. Matakin farko gudu ne, kilomita da yawa a kan hanya, wanda bai iso cikin lokaci ba ya koma gida.

Gudu kuwa ba abin da zai dame shi ba ne. Mutum ne da ya tashi yana bin awaki a rairayi. Kullum bayan sallar asuba muke ɗaukar hanyar Bande muna atisaye, kafin in kai rabin inda muka yanka har ya juyo, ya tarar da ni ina haki, hannu a ƙugu. Sai ya ce, "Sannu da hutawa, ɗan birni." Ni kuma in ce ai dabarar gudu nake koyo, ba gaggawa ba. Gaskiyar magana ita ce ƙosai da fankasau sun riga sun gama da ni.

To, ina da ɗan kawu a Kano, irin samarin nan masu ɗaga ƙarfe, ƙirji kamar ƙofar shago. Na kai masa kukana a waya, ya yi dariya ya ce, "Ai ku har yanzu kuna baya. Akwai garin da muke sha kafin atisaye, in ka sha ba ka san gajiya ba. Bari in aiko maka." Bayan kwana uku wani direba ya kawo mini saƙo. Na buɗe, sai ga gari ja-ja a ƙulle cikin farar leda, babu roba, babu takarda, babu rubutu.

A nan ne na yi kuskuren farko, kuma duk wanda ya tashi a garinmu zai gane yadda aka yi. Mu abin da aka ƙulla a leda, na amfani ɗaya ne. Ƙullin sukari na shayi ɗaya, ƙullin ganye na buta ɗaya, ƙullin garin sabulu na wanki ɗaya. Mai tebur ya riga ya auna maka, kai dai ka ɓula ka juye. Ko a raina ban kawo cewa wannan ƙullin daban yake ba. Kuskure na biyu, ban gwada shi ranar atisaye ba. Na ce abu ɗaya tal da ya zo daga Kano ba za a ɓata shi a hanyar Bande ba, sai babbar rana. Na ɓoye shi a ƙasan akwati kamar turaren Sallah.

Ranar gudun ta faɗo cikin bazara, lokacin da tun hantsi ƙasa ke ƙona ƙafa. Bayan asuba na hura gawayi a ƙofar ɗakinmu, na dafa shayi mai kauri, na ɓula ledar na juye garin nan gaba ɗaya cikin buta. Ya yi kumfa, wani ƙamshi kamar na alewar yara ya tashi.

Abokina ya leƙa ya ce, "Mene ne wannan kuma?"

Na ce, "Maganin gajiya ne, daga Kano. Turawa ma shi suke sha."

Ya ce, "Kai dai sha abinka. Ni ƙafafuna sun ishe ni."

Da na bar shi a nan, da yau ba ni da labarin da zan ba ku. Amma sai na ɓata rai. Na ce ashe zaman da muka yi shekara da shekaru bai kai ya karɓi abu daga hannuna ba? Na ce ni na raba abin da ko ƙanena ban ba shi ba, shi kuma yana yi mini kallon mai ba shi guba? Kun san yaron da aka riƙe a gidan wasu, ba ya iya cewa a'a ga ɗan masu gida sau biyu. Na san haka sarai, kuma da shi na yi amfani. Ya miƙo hannu.

Na zuba masa kofin farko, mai kaurin, kamar yadda ake ba wanda ake girmamawa. Ya shanye yana yamutsa fuska. Na ƙara masa na biyu, na ce, "Kai ne za ka fitar da mu kunya, kai ya kamata ka fi sha." Da na zo kan nawa, na kurɓa sau ɗaya, ɗaci da zaƙi suka haɗu suka tsaya mini a maƙogwaro, na faki idonsa na zubar da sauran a gindin katanga. Wato ko jarumtakar shan abin da na dafa ban yi ba.

Ruwa kuwa ba mu sha ba. Wani tsohon soja a unguwarmu ya taɓa ce mana ruwa kafin gudu yana kawo ciwon gefe, muka riƙe maganarsa kamar karatu.

Muka isa wurin taro. Kiran suna da duba takardu suka ci lokaci, har rana ta ɗaga sosai. Muna cikin layi na lura abokina ya kasa tsayawa wuri ɗaya, yana ta murza hannuwa, fuskarsa na tsatsafo da gumi. Ya raɗa mini cewa, "Jikina ƙaiƙayi yake, kuma ƙirjina kamar ana daka." Ni da iyayina na ce, "Alhamdu lillahi, ya fara aiki ke nan."

Mahaifinsa ya zo tun daga Kwaya don ya gani da idonsa. Yana tsaye a gefen hanya kusa da inda za a ƙare, da hularsa ta zuwa Juma'a.

Aka busa usur. Abokina ya fita kamar an kore shi. Ba haka yake gudu ba, shi mai farawa a hankali ne ya riƙa tsince mutane ɗaya bayan ɗaya, amma ranar ya bar kowa a baya tun daga farko. Na ji daɗi har ina ce wa na kusa da ni, "Ɗan ɗakinmu ne wancan." Daga nan ban sake ganinsa ba, na koma fama da kaina.

A hanyar dawowa, saura ƙiris a iso, na hango mutane sun taru a gefen hanya. Na ga farar rigarsa a ƙasa. Yana kwance a rairayi, idanu a juye, wani na yi masa fifita da kwali, mahaifinsa ya durƙusa yana kiran sunansa. Zan so in ce muku na tsaya. Ban tsaya ba. Na ce a raina bari in taɓa layi in dawo, ai ga shi nan kusa. Na shiga cikin na ƙarshe-ƙarshen da suka iso a kan lokaci, aka rubuta lambata, sannan na juyo da gudu. Ni na riƙe shi a bayan moto, wato babur, har likita.

A can, majo, wato babban malamin jinya, ya taɓa wuyansa, ya sa abin aunawa, na ga fuskarsa ta canza. Ya ce jikin ya yi zafi fiye da kima, zuciyar kuma ba ta bugawa daidai. Suka sa masa ƙarin ruwa, suna ta jiƙa shi da tsumma. Sai majo ya juyo ya ce, "Wane ne ya kwana da shi? Me ya sha yau da safe?"

Tsohon na tsaye a gefena, hularsa a hannu. Na ce, "Shayi ne kawai."

Majo ya dube ni. Ya ce, "Shayi kawai?" Na ce, "Shi kaɗai." Ya girgiza kai ya koma kan aikinsa. Sai daga baya na gane cewa da wannan ƙaryar na iya kashe shi, don mai magani yana bukatar sanin abin da yake yaƙi da shi. Allah ne dai ya sa da sauran kwanansa. Bayan la'asar ya buɗe ido. Da aka sake tambayarsa a gabana, ya dube ni sau ɗaya, ya ce, "Shayi ne."

Da yamma na kira ɗan kawuna. Ya ce, "Gaba ɗaya ka juye? Kana da hankali kuwa? Akwai ɗan cokali a cikin robar da garin ke zuwa, shi ake cikawa sau ɗaya. Abin da na ƙulla maka ya ishe ka sati! Kuma wa ya ce maka a shayi ake sa wa?" Na ce ai bai faɗa mini ba. Ya ce ai ban tambaya ba. Duk mu biyun gaskiya muka faɗa, kuma ba ta amfani kowa ba.

Ni na wuce sauran matakan, na sa kaki. Shi ya koma Kwaya.

Bayan shekaru, wani likita a wurin aikinmu ya yi mana bayani a kan irin wannan gari. Ya ce yawancinsa cike yake da sinadarin nan na kofi da shayi mai hana barci, wani ma da abubuwan da ba a rubuta a jikin robar ba. Yana zaburar da zuciya, kuma yana rufe wa mutum jin gajiya, alhali gajiya ita ce ke gaya wa mai dogon gudu ya sassauta. Ya ce ko a ɗaki mai sanyi a kan yi hattara da shi, balle a ranarmu, ciki babu ruwa. Ina zaune a layin baya ina jin kamar da ni kaɗai yake magana.

Amma ba rasa aikin da abokina ya yi ne ya fi ci mini rai ba. Abokina ya warke sarai, ya yi noma, ya yi aure, yana da rufin asirinsa. Abin da ya faru shi ne mahaifinsa ya yanke a ransa cewa ɗansa mai raunin zuciya ne. Bai taɓa yi masa faɗa ba, da ma faɗan ya yi. Sai dai in rana ta take a gona ya ce, "Je ka inuwa, ƙannenka su ƙarasa." In za a ɗaga buhu ya kira wani. In baƙi sun zo ya ce, "Wannan sai a hankali, ƙirjinsa ba shi da ƙwari." Mutumin da duk ƙauyen babu mai kamo shi a guje ya zama wanda ake lallaɓawa a gaban matarsa.

Ni kuwa kowace kaka tsohon sai ya aiko mini da gyaɗa har inda nake aiki. Yana gaya wa mutane cewa ni na ceci ran ɗansa, ni na kai shi likita. Na ci gyaɗar nan shekara da shekaru. Duk zuwan da zan yi Kwaya sai in ce wannan karon zan faɗa masa, in na zauna a gabansa ya fara sa mini albarka, sai in amsa da amin in tashi. Kullum ina ce wa kaina ba lokacin ba ne.

Abin da na koya ba mai wuyar faɗa ba ne. Kada ka sha abin da ba ka san awonsa ba, kada ka fara gwada shi ranar da ba ka da damar kuskure, kuma in likita ya tambaye ka, ka faɗi gaskiya ko wa ke tsaye a gefenka. Wanda ya fi mini nauyi shi ne na gane cewa ba don shi na matsa masa ba. Tsoro nake ji in sha ni kaɗai.

Tsohon ya rasu wata damina. Na je gaisuwa ranar sadakar uku. Da mutane suka ragu, na ja abokina bayan rumbu, na ce ina da maganar da ta daɗe tana cina. Na fara kame-kame, ina cewa ranar nan, shayin nan, garin nan. Ya bar ni har na gama, yana kallon ƙasa.

Ya ce, "Ai na sani. Na ga lokacin da ka zubar da naka."

Na ce, "To me ya hana ka faɗa?"

Ya ce, "Abincin gidanku na ci shekara shida. Da wane baki zan ce ɗan gidan ya cuce ni? Na zuba ido ne ko kai za ka faɗa."

Na ce ya yafe mini don Allah. Ya ce, "Na yafe tun tuni, wallahi. Amma ni ba na bukatar jin wannan magana, na san ƙirjina lafiya lau yake. Wanda ya kamata ya ji ta, shekaranjiya muka rufe shi."

Ya koma wajen masu gaisuwa, ya bar ni a tsaye. Har yau muna zumunci, ina zuwa yana zuwa, amma ban sami inda zan kai maganar ba.