Kayan Haushi, mai gyaran agogo

Shekara talatin da ɗoriya yana gyaran agogo a kan wani ɗan tebur a bakin kasuwa, tsakanin mai aski da mai gyaran waya, amma ko mutum biyar ba su san sunansa na yanka ba. Kayan Haushi ake ce masa, don ita ce kalmar bakinsa. Ƙuda ya sauka a kan gilashin idonsa, kayan haushi. Mai aski ya ƙure rediyo, kayan haushi. Matarsa ta aiko da abinci gishiri ya yi yawa, ita da kwanon duk kayan haushi ne.

Wata rana mai aski ya tsokane shi: "Wai kai ba ka san takaici ba ne, sai haushi?"

Ya ce, "Kai dai aske kawunan mutane. Haushi shi ne abin da za ka yi wa tsaki ka kore shi. Takaici kuwa ba ka da wanda za ka kama, sai dai ka haɗiye. Ni Allah bai ɗora min shi ba."

Ai kuwa ya ɗora masa. Hannunsa na dama ya fara rawa. Da farko kaɗan-kaɗan, sai ya ce yunwa ce. Daga baya ya zama in ya ɗauki hantsaki ya kamo ɗan noti, wanda bai kai ƙwayar gero ba, kafin ya kai shi raminsa ya suɓuce. Yana da farin ƙyalle da yake shimfiɗawa a cinya don tare abin da ya faɗo. Da, sai a yi wata ƙyallen bai ga komai ba, yanzu kullum sai ya tsince shi sau goma. Bai gaya wa kowa ba. Mutumin da duk mutuncinsa a yatsu yake, wa zai gaya wa?

Ana haka wani tsohon direba ya kawo agogon mahaifinsa, irin na da, wanda ake murɗawa da hannu. Ya ce, "Malam, an ce duk garin nan kai kaɗai ka rage da ka san cikinsa."

Ya san shi kuwa. Cikin minti biyar ya gano ciwon, ya wanke, ya sa mai. Noti ɗaya ya rage a mayar. Kwana uku yana fama da notin nan, wallahi har gumi yake yi. Ran na huɗu ya rufe tebur tun azahar, ya sa agogon a aljihu ya tafi gida.

Matarsa tana tsakar gida tana tsintar shinkafa. Ta dube shi ta ce, "Malam, lafiya da rana tsaka?"

Ya ciro agogon daga aljihu. Ya zauna a tabarma, ya shimfiɗa ƙyallen a cinyarta, ya miƙa mata hantsakin. Wannan matar da bai taɓa bari ta ko goge masa tebur ba, wai hannunta na tuwo ne.

"Kama nan. A hankali. Kin ga ramin can?"

Ta goge hannu a zani, ta kama, ta saka. Sau ɗaya tak. Ya nuna mata yadda ake ɗaurewa, ta ɗaure. Agogo ya tashi.

"Shi ke nan?" in ji ta, da mamaki. "Dama aikin ke nan?"

Ba da mugunta ta faɗa ba, Allah ya sani. Amma da ta zage shi da ya fi masa sauƙi. Ya tashi ya shige ɗaki, ya zauna a bakin gado yana kallon hannunsa yana rawa, babu wanda zai yi wa tsaki.

Washegari direban ya zo. Ya kara agogon a kunne, idonsa ya ciko da hawaye. Ya juya yana gaya wa mai aski da duk wanda ke wurin: "Ku zo ku gani! Tsufa bai taɓa hannun bawan Allahn nan ba. Malam, akwai wasu guda biyu a gida, na yayana, gobe zan kawo maka."

Kayan Haushi ya ɓoye hannunsa a ƙarƙashin tebur, ya danne shi da ɗayan.

Ya ce, "Allah ya kai mu."