Gwenolé Kerbrat da Jirgin Sterne

Haihuwa da karatu

An haifi Gwenolé Kerbrat a shekarar 1927 a garin Le Conquet da ke gaɓar teku a yankin Bretagne na ƙasar Faransa. Mahaifinsa Alan masunci ne, mahaifiyarsa Soazig kuwa tana aiki a masana'antar kifin gwangwani. Tun yana ƙarami aka shaide shi da rashin zama wuri ɗaya, har sau biyu ana sauya masa makaranta, amma ya kammala ilimin zanen jiragen ruwa a 1951 da sakamako mai daraja.

Aure da aiki

A 1954 ya auri Maïwenn Le Floc'h, malamar firamare, suka zauna a Brest. Bayan shekara huɗu aka sa shi cikin masu zana Sterne, jirgin ruwan yaƙi mai ɗaukar jirage masu saukar ungulu guda takwas. Alhakinsa shi ne lif ɗin da ke ɗago jiragen daga ma'ajiyarsu ta ƙasa zuwa dandalin tashi. Ya nemi a yi lif biyu, magabatansa suka ce ɗaya ya wadatar. Shekara uku yana rubuta takardun ƙorafi, har wata rana babban injiniya ya ce masa, "Kai Kerbrat, ba ka gajiya ne? Je ka sha gahawa, mu ma mu huta."

An ƙaddamar da jirgin a 1962 da lif ɗaya.

Shekarun teku

Hankalinsa bai kwanta ba. Ya ajiye aikin ofis, ya nemi izinin bin jirgin a matsayin injiniya, kuma kowace safiya sai ya sauka ya duba sarƙoƙin lif da hannunsa. Maïwenn takan ce masa, "Ka faɗa mini gaskiya, ni ka aura ko ƙarfen nan?"

A watan Fabrairu na 1971 aka tura Sterne aikin ceto a wani tsibiri na tekun Pasifik da guguwa ta afka wa. Jirage biyu kaɗai suka tashi lif ya maƙale, saura shida na ƙasa, mutane kuwa suna kan rufin gidaje ruwa na ƙaruwa. Kerbrat ya shiga ramin lif ɗin da kansa. Sa'a huɗu ya yi kafin ya warware sarƙar da ta maƙale, ita kuma ta tafi da yatsu uku na hannunsa na dama. An ceto fiye da mutum ɗari biyu a ranar, amma a cikin sa'o'in nan huɗu ruwa ya ci mutum goma sha tara a ƙauye guda.

A 1973 aka ƙara wa jirgin lif na biyu bisa zanensa na asali. An gayyace shi bikin, bai halarta ba.

Ƙarshen rayuwa

Ya yi ritaya a 1984. Daga nan zuwa rasuwarsa sau tara yana sauya gida, matarsa na biye da shi, kuma sau biyar ya koma tsibirin ya ziyarci iyalan mamatan, har wasunsu suka saba da shi suna kiransa kawu. An dakatar da Sterne daga aiki a 1995, aka wargaza shi bayan shekara biyu.

Ya rasu ranar 9 ga Oktoba, 2003, a tashar jirgin ƙasa ta Rennes, da tikitin zuwa birnin Marseille a aljihunsa, kuma babu wanda ya san dalilin tafiyar. An binne shi a Le Conquet kusa da iyayensa. Ya bar matarsa da 'ya'ya uku: Tangi, Rozenn da Aziliz.