Odile Lavallee, Matar da Muka Yi wa Dariya

Shekara talatin da tara ke nan, kullum da hantsi, Odile Lavallee take ajiye tsohuwar motarta a gindin gadar jirgin ƙasa, ta gangara bakin kogi da takalman roba, ta duba sandar awon ruwa, ta rubuta a littafinta. Daga nan sai ta bi madatsun gari ɗaya bayan ɗaya, tana shafa wa ƙofofinsu giris. Ko sanyi ya kai tofin yawu ya daskare kafin ya taɓa ƙasa, ba ta fashi. Juma'ar da ta wuce ta yi ritaya. Mutum bakwai ne suka je walimar, a gari mai mutum dubu hamsin.

Garinmu shimfiɗe yake kamar faranti a tsakiyar filayen Saskatchewan. Alkama ce ta kafa shi, layin dogo ya raine shi. Da masana'antar nama ta zo, ma'aikata suka kwararo daga Filifin da Yukren, gidaje suka yi ƙaranci. Sai majalisar gari ta sa ido a kan fadamar da ke bakin kogi, gangare da gada, don a gina gidaje.

Ranar da za a yanke shawara, Odile ta shigo zauren da kayan aikinta a jiki, ta ɗaga hannu.

"Ranka ya daɗe," ta ce wa magajin gari, "wurin nan tsohuwar hanyar kogi ce. Wata rana zai dawo ya bi abarsa."

Kansila Wendell Haugen, dillalin filaye, ya jingina da kujera. "Gwaggo, injiniyoyi uku sun auna wurin. Ke a wace jami'a kika yi karatu, ta kwaɗi?"

Zauren ya fashe da dariya. Ina cikinsu, da alƙalamina na ɗan jarida. Washegari ni na laƙaba mata suna "Gwaggo Ambaliya" a shafin farko, sunan kuwa ya bi ta har kanti. Aka gina gidaje ɗari biyu a fadamar. Aka kuma ce mata ta daina ɓata lokaci a kan tsohuwar ƙofar ruwa ta yamma, wadda rabon da a buɗe ta tun zamanin kakanni. Ta ce to. Ta ci gaba da shafa mata giris a ranakun hutunta.

Shekara shida bayan haka, a watan Afrilu, dusar ƙanƙara ta narke a kwana uku. Da safe Odile ta ga ruwa yana hawa kafin ya iso gada, yana kuma ja da baya bayan ya wuce ta. Ta gane nan take: manyan ƙanƙara sun toshe bakin gadar, in suka ɓalle kuwa sabuwar unguwar ruwan zai nufa. Ta buga waya ofis, aka ce ta jira rahoton masana da yamma.

Ba ta jira ba. Marisol Dimaano, wadda take da 'ya'ya uku a unguwar, ta ba ni labari: "Ƙofa ta yi ta duka kamar za ta karya. Na ce, Gwaggo, ina soya kifi ne. Ta ce, 'Yar nan, kashe wutar ki ɗauko yaran, kifin zai koma gida da kansa.'" Ta tare motocin makaranta biyu a hanya, ta sa aka kwashe tsofaffi. Sannan ta tafi ƙofar yamma ita kaɗai, tana da shekara hamsin da biyar, ta yi ta juya ƙarfen buɗe ta har tafin hannunta ya tsage. Ƙofar ta buɗe, rabin ruwan ya karkata gonaki. Da azahar sauran ya shiga unguwar har tagogi. Ko mutum ɗaya bai mutu ba.

Da aka zo rabon lambar yabo, magajin gari aka rataya wa. Ni na ɗauki hoton. Sunan Odile bai fito a labarin ba, domin in na sa shi, sai na tuna wa jama'a abin da na rubuta a baya. Shekara goma sha ɗaya na yi ina sauya layi in na hango ta a kanti.

Bayan walimar na bi ta gida. Ta zuba mini shayi, ta yanko gurasa. Na fara kame-kamen neman gafara, ta katse ni.

"Gordon, sha shayinka. Sunan da ka laƙaba mini ma jikokina suna so."

Na tambaye ta yadda aka yi ta san hanyar ruwan.

"A can aka haife ni," ta ce. "Mu Metis, jikokin 'yan asalin ƙasa, ba a bar mu mu zauna cikin gari ba, sai fadamar. Duk shekara kakata takan kwashe mu zuwa tudu kafin ruwa ya zo. Ina da shekara biyar majalisa ta aiko a tashe mu, wai muna ɓata wa gari fuska. Muna tsaye aka cinna wa gidajen wuta." Ta miƙo mini wata takarda. "In rubutu kake so, rubuta waɗannan."

Sunayen iyalai goma sha huɗu ne. A garin nan aka haife ni, shekara talatin ina rubuta labarinsa, ban taɓa jin ko ɗaya ba.

Odile, ke ce garin nan ya ƙona wa gida, kika tsare masa nasa gidajen. Ke ce muka mayar abin dariya, kika kwana kika tashi kina gadin 'ya'yanmu. Mun gode, kuma mun makara da godiyar. Masu tasowa, ku koyi riƙon aiki a wurinta. Mu manya kuma, in mai takalman roba ta ɗaga hannu a zaure, mu rufe baki mu saurara.

Sunayen suna shafi na biyu na jaridar yau. Wasu daga cikin jikokinsu maƙwabtanku ne. Ku karanta da ƙarfi.