Ranar da Baba Ya Je Jin Busar Auta

Autanmu ya koyi busa ne a makarantar kwana a Ikara. Akwai wani malami a can, mutumin kudancin Kaduna, tsohon soja, wanda ya daɗe cikin 'yan badujala kafin ya koma koyarwa. Shi ke kula da yaran da ke kiɗan fareti. Ya lura Auta na yawan tsayawa a bakin taga idan suna gwaji, sai ya miƙa masa begila. Daga baya ya ɗora shi a kan ƙahon Turawa mai maɓalli uku, ya koya masa karanta kiɗa a takarda, abin da mu a gida ba mu taɓa jin ana yi ba.

Idan ya zo hutu Makarfi, malamin yakan ba shi aron ƙahon. Inna ta hana shi busa a tsakar gida saboda awakinta na firgita, don haka yakan shige cikin gonar rakenmu bayan la'asar. Ni ce yayarsa mace, ni ake aika in kira shi cin tuwo, kuma ban taɓa shan wahalar nemansa ba.

Baba manomin rake ne, yana kuma dafa mazarƙwaila. Bai ƙi kiɗa ba, amma a wurinsa makaɗi mutum ne mai bin masu hali yana yabonsu, kuma a zuriyarmu babu wanda ya taɓa wannan. Da Auta ya ce kiɗa zai karanta a jami'a a kudu, sai da tsohon sojan nan ya hau babur ya zo har zaurenmu. Bayan doguwar gaisuwa ya gaya wa Baba cewa yaron zai iya samun aikin gwamnati da wannan karatu. Kalmar gwamnati ce ta sa Baba ya sakko.

Aikin gwamnati bai zo ba. Auta ya yi bautar ƙasa a Abuja, ya zauna can, ya shiga wata babbar ƙungiyar makaɗa irin ta Turawa, masu goge manya da ƙanana, da masu busa, da masu ganga, kowa da takardarsa a gabansa. A lokacin ni ina aure a Kudan, ina koyarwa a firamare. Da Sallah muka haɗu a gida, Baba ya zaunar da shi.

"Wane ne ubangidanku?"

"Ba mu da ubangida, Baba. Mutane ne ke sayen tikiti, wani lokacin kuma kamfani ko ofishin jakadanci ya ɗauki nauyin taron."

"To albashi fa? Ƙarshen wata?"

Auta ya sosa ƙeya. Ya ce babu albashin wata. Idan an yi wasa ake biya, wasan kuma ba kowane wata ba. Kwanakin da suke ɓatawa wajen gwaji, kuɗin mota kawai ake ba su, in ma an bayar. Abin da ke riƙe da shi, in ji shi, koya wa 'ya'yan masu kuɗi kiɗa a gidajensu, da busa a bukukuwan aure.

"Ashe ƙwadago kake yi," in ji Baba. "Irin na masu sarar mini rake. Su ma sai an kira su."

Bai faɗa da zafi ba. Auta ya yi dariya ya ce haka ne, bambancin kawai su suna sa baƙar kwat.

Bayan 'yan shekaru idon Baba ya fara yana, aka tura mu ganin likita a Abuja, ni na raka shi. Zuwanmu ya dace da wani wasan su Auta, ranar Asabar da yamma. Ban zaci Baba zai yarda ba, amma ya ce tunda ƙafa ta kawo shi, gara ya ga abin da ya raba ɗansa da gona. Ya sa babbar rigarsa ta Juma'a.

Ɗakin taron sanyi kamar randa. Makaɗan suka fito suka cika dandamali, masu goge a gaba, Auta can baya. Wani mutum ya fito da ɗan siririn sanda ya juya mana baya, aka fara. Masu goge suka yi ta ja, masu sarewa suka karɓa, Auta kuwa yana zaune, ƙahonsa a kan cinya, idonsa a kan takarda. Baba ya jure iya jurewarsa, sannan ya matso kusa da kunnena.

"Ko sun yi faɗa da mai sandan ne?"

"A'a Baba, lokacinsa ne bai yi ba."

"Shi ya sa ba sa biyansa da kyau. Rabin aikin zama ne."

Na danne dariyata da bakin mayafi. Can sai kiɗan ya yi ƙasa ƙasa, mai sandan ya nuna baya, Auta ya ɗaga ƙahon. Shi kaɗai ya busa, a hankali, sauti mai tsabta da ya ratsa ɗakin har inda muke. Na sha jin busarsa, amma ban taɓa jin ta da makaɗa masu yawa haka suna mara masa baya ba. Na waiwaya na ga Baba ya cusa hannu a aljihu yana shirin miƙewa. Na riƙe masa hannun riga.

"Baba, nan ba a liƙi."

"Ba a liƙi?"

"Tafi kawai ake yi, shi ma sai an gama."

Ya koma ya zauna, hannunsa bai fita daga aljihun ba har aka tashi.

Bayan wasan Auta ya kai mu baya mu gaisa da abokan aikinsa. A ciki akwai wani dattijo Bayarabe mai furfura, shi ne babban mai gogensu, yana jin Hausa don ya yi ƙuruciyarsa a Zariya. Baba ya ji daɗin samun sa'ansa. Ya tambaye shi tun yaushe yake wannan sana'a, ya ce tun yana saurayi.

"To idan yatsu suka gaji fa, wa zai riƙe ka?"

Dattijon ya yi murmushi ya ce Allah, sai kuma 'yarsa da ke aikin jinya. Ya ce da yawa daga cikin waɗanda ya koyar sun tafi ƙasashen waje, inda ake ɗaukar makaɗi aiki da albashi da fansho, amma ko a can kujera ɗaya mutane da yawa ke nemanta. Wasu kuma sun ajiye goge sun kama kasuwanci. Ya rataya akwatin gogensa, ya ba mu haƙuri, ya ce bari ya hanzarta kada motar unguwarsu ta cika.

A hanyarmu ta komawa, sai da muka wuce Zariya Baba ya ce, "Yaron nan ya iya. Amma leɓe yana tsufa."

Da damina ta zo ya yanka wa Auta wani yanki na fadamarmu ta wajen Nasarawan Doya, ya ce nasa ne, a shuka masa rake, maigidana ya riƙa dubawa. Auta ya kira ni a waya yana ƙorafi, wai Baba ya yanke masa ƙauna. Na ce masa ba haka ba ne, so yake ya ci gaba da busarsa ba tare da yunwa ta ƙwace ƙahon ba. Sai ya tambaye ni wane irin rake ya fi kasuwa.

A wannan shekarar ne tsohon malaminsa ya nemo masa hanyar shiga 'yan badujalar soja, inda akwai albashi da gida. Inna ta so, ni ma na so. Auta ya yi ta juya maganar, daga ƙarshe ya ƙi, ya ce kiɗan fareti ba shi ne ya raba shi da gida ba. Baba bai sa baki ba. Abin da Auta ya samu maimakon haka shi ne koyar da kiɗa a wata makarantar kuɗi, albashin ba yawa amma yana zuwa.

Da aka je nema masa aure a garin Taba, uban yarinyar ya tambayi sana'arsa. Baba da kansa ya amsa. Ya ce malamin makaranta ne, yana da gonar rake, kuma yana busa a wurin da ake zama a yi tsit a saurara. Mutumin ya ce bai gane na ƙarshen ba. Baba ya ce shi ma sai da ya je.

Bara Auta ya nemi kujera a wata ƙungiya ta ƙasar waje, wadda ake aika musu bidiyon busa. Yana gida lokacin saran rake, don haka a ajina na Kudan muka ɗauka, ranar da babu makaranta, ni ce mai riƙe waya. Zakaran maƙwabta ya ɓata mana ɗauka bayan ɗauka, har sai da na aika aka rufe shi a akurki. Ba su ɗauke shi ba. Ya gaya mini a waya, muryarsa a sanyaye, sannan ya ce yana sauri, suna da gwaji, kuma matarsa ta ce ya biya ya sayo mata kifi.