Kukan Akuya a Bayan Rumbu

Ɗan farina ya fara murmushi ne da kaka, ana cikin yankan dawa, bayan na gama wankan jego a gidanmu na Tsiga an mayar da ni ɗakina a Bakori. Kowa ya samu rabonsa. Ya yi wa kakarsa, uwar mijina, wadda take kiransa maigida tana yi masa gorin bai kawo cefane ba. Ya yi wa mai tallan daddawa. Har akuyarmu mai ƙaho ɗaya, da ta yi kuka sai ya washe mata dasashi. Ni da na sha ruwan zafi da kunun kanwa kwana arba'in saboda shi, ko oho.

Laifin ba nasa ba ne. A wurinmu ɗan fari kunyarsa ake ji. Uwa ba ta kama sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, in za ta ba shi nono sai ta kau da kai kamar an sa ta dole. Ni kuma don a ce ina da kunya sai na wuce gona da iri. Da an miƙo mini shi sai in ɗaure fuska tamau. Yaro kuwa abin da ya gani shi yake yi. Da ya hango ni sai ya haɗe gira, mu yi ta kallon juna kamar masu rigimar iyakar gona.

Matan gida suna ta dariya, wai yaro ya gaji kunya. Ni abin yana cin raina. Na san da an yaye shi kakarsa za ta ɗauke shi, haka al'ada take. Tsorona kada ya tafi bai san ni da komai ba sai nono da ɗaure fuska.

Wata rana da hantsi, mata suna sussuka a ƙofar gida, na saɓe shi na zagaya bayan rumbu. Na ɗora shi a cinya, na tallafi ƙeyarsa don wuyansa bai gama ƙwari ba. Na yi masa murmushi, ya harare ni. Na yi masa gwalo, na hura kumatu, na kaɗa masa munduwa, duk a banza. Sai na ce to, tunda akuya ce gwanarka, bari in zama akuya.

Na yi "meee" a hankali. Ya buɗe ido. Na ƙara da ƙarfi, har ina girgiza kai.

Abin da na manta shi ne surukata ta shanya wake a gefen rumbun nan, kuma tsakaninta da akuyar nan ba a ga maciji. Sai ji na yi tana tafe tana faɗa: "Yau sai na karya ɗayan ƙahon!" Ta ɓullo da muciya a sama, ta same ni durƙushe, baki buɗe, wuya a miƙe. Akuyar kuma ga ta nan biye da ita, tana tuƙa abinta.

Na so ƙasa ta tsage in shige. A daidai nan yaron ya dube ni, ni ɗin nan, ya ƙyalƙyale da dariya har da shure-shure. Dariyarsa ta farko ke nan mai sauti. Na rasa ko in ɗaure fuska ko in saki, sai hawaye suka raba gardama.

Surukata ta sauke muciya, ta dubi sama. Ta ce, "Ni akuya nake nema, ban ga kowa ba." Har ta juya, sai ta tsaya. "Amma 'yar nan, akuyar taki mura take yi. Daga maƙogwaro ake jawo shi." Ta waiga dama da hagu, ta saki wani kuka wanda sai da akuyar gaske ta amsa.

Na ce, "Inna, ke ma?"

Ta rage murya. Mijina ne ɗan farinta, don haka ba ta kama sunansa ba. Ta ce, "Wancan mutumin naki shi zakara yake so. Zakaru biyu aka yanka a gidan nan don wai suna cara da rana tsaka, alhali ni ce. Allah ya yafe mini, har miyar na sha."

Daga ranar, kullum da hantsi sai ta ce in je in duba mata wake, ko da ba ta shanya komai ba.

Yau yaron nan ya yi furfura a gemu, kuma har yanzu sunansa bai taɓa fita bakina ba. In ya zo gaishe ni yana durƙushe, akuya ta yi kuka a tsakar gida, sai in ga ya yi murmushi bai san dalili ba. Ni kuwa sai in kau da kai.